Mainasara da Lakar Gindin Mangwaro

Idan ka sha mangwaro tsakanin Goronyo da Wurno, ka ji shi da zaƙi, ƙwallonsa fale-fale, bai bar maka zare a haƙori ba, to da wuya a ce hannun Mainasara bai taɓa uwar itacen ba. Haka mutanen Rimawa ke faɗa. Shi ma haka yake faɗa, ya ma fi su yawan faɗa.

Sana'arsa auren itace. Yakan shuka ƙwallon mangwaron gida a leda, idan tsiron ya kai kaurin ɗan yatsa ya sare kansa, ya tsaga, ya feƙe reshen mangwaro mai kyau ya cusa a tsagar, ya ɗaure da leda. Bayan 'yan makonni su haɗe su zama itace ɗaya, saiwar ta mai jure fari, 'ya'yan na mai zaƙi. A baki aikin ba shi da wuya. Mutane da yawa sun tsaya sun kalle shi, sun koma gida sun gwada, sun ƙare da busassun tsinkaye a leda.

Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, hularsa kullum a karkace. Ba ya jin nauyin yabon kansa. Idan ka ce masa dashen da ka saya ya yi kyau, sai ya fara nuna maka tafin hannunsa, daga baya ya tuna ya ce alhamdu lillahi. Amma a yi masa adalci. Shekara talatin da ɗoriya yana wannan aiki a garkarsu ta bakin gulbi, kuma cikin dashe goma, tara suna kamawa. Ba shi da shanu, ba shi da sarauta, bai yi boko mai nisa ba. Abin da yake da shi a duniya shi ne a ce hannun Mainasara.

Wajen mahaifinsa, Malam Shittu, ya gaji sana'ar. Shi kuwa Malam Shittu mutum ne da bai taɓa koya wa kowa komai da baki ba. Idan kana son ka iya, ka zauna ka kalla. Idan ka yi tambaya, ya dube ka har ka ji kunyar tambayar. Yakan zauna a gindin wani babban mangwaro da ya dasa tun yana saurayi, ledoji jere a gabansa, a gefen damansa kasko da garwashi. Rani da damina kaskon nan yana nan, har a tsakiyar bazara da mutane ke neman inda za su sa kansu. Yakan jefa gyaɗa a ciki, idan ya gama dashe ɗaya ya sa wuƙarsa ya jujjuya ta, ya ɗaga wuƙar ta sha iska, ya jawo leda ta gaba. Duk Rimawa an san tsohon da jin sanyi da son gyaɗa, har tsokanarsa ake yi, shi kuwa bai taɓa musantawa ba.

Shekara takwas ke nan da Malam Shittu ya rasu. Mutuwar ta daki Mainasara fiye da yadda ya bari a gani. Surutunsa bai ragu ba, amma ya yi wata biyu bai iya zama a gindin mangwaron nan ba. Ranar da ya koma, ya ɗauki kaskon ya kife shi a bayan rumbu, don shi ba mai jin sanyi ba ne, gyaɗa kuma ba ta dame shi ba. Da ya zauna zai yi dashen farko, sai ya kasa farawa. Ba tare da ya yi shawara da kowa ba, har da kansa, ya soka wuƙar a ƙasar da tsohon yake zama, ya zare, ya yi yankan. Da ya ɗaure sai ya dangwali danyar laka daga gindin itacen ya shafe mahaɗar. Ya ji zuciyarsa ta kwanta.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida: wuƙa a ƙasa sau uku, laka a mahaɗa. Masu saye suka fara tambaya, shi kuma ya ce lakar Baba ce, sirrin gidansu. Ya faɗa a kasuwar Goronyo, ya faɗa a Wurno, ya faɗa wa duk wanda tsautsayi ya haɗa su a mota. Har ta kai idan dashe ba shi da ɗan busasshen taɓo a wuya, mai saye yakan mayar ya ce a ba shi na gaske. Yawan faɗa kuwa ya sa shi kansa ya fara tuna tsohon yana shafa lakar, har da yadda yake lanƙwasa yatsa.

Shekara biyar aka yi lafiya. Sai shekarar da gulbi ya cika ya kwana huɗu a cikin garka. Ruwa ya janye ya bar saiwoyin babban mangwaron a waje, duk sun ƙuƙƙuje. Bayan wasu watanni wasu ƙulalai suka fito a gindinsa, masu kaushi, wani ya kai dunƙulen hannu. Mainasara ya gan su ya ce tsufa ne. Itace da ya haura shekara hamsin ai dole ya yi gwiwa.

Bai kawo komai a ransa ba har ranar da Ɗahiru na Maikujera ya sauke masa buhu a gaban rumfarsa, kasuwa tana ci. Ɗahiru ba mai hayaniya ba ne, abin da ya sa maganar ta fi zafi ke nan. Ya zazzage buhun. Dashe arba'in ne da ya saya bara, kowanne da ƙulli a daidai mahaɗa, wasu sun tsumbure, wasu sun bushe.

"Malam Mainasara," in ji Ɗahiru, "ba rigima ta kawo ni ba. Ubana wurin ubanka yas sayi icce, ni kuma wurinka. So nikai ka duba ka gaya min mi na na wanga."

Mainasara ya duba. Ya ce ƙasar Maikujera ce ba ta da kyau. Wani daga Sisawa da ke tsaye ya ce to nasa ma haka suka yi, shi kuwa ba a Maikujera yake ba. Kafin la'asar magana ta zaga rumfunan 'yan albasa ta dawo: hannun Mainasara ya mutu.

Ya koma gida yana cika yana batsewa, amma a ƙasan fushin tsoro ne. Tun daga ranar bai bar dabara ba. Ya canza wuƙa. Ya canza leda. Ya karɓo rubutu ya wanke hannu da shi kwana bakwai. Ya zargi wani makwabcin garka da baki, ya daina amsa masa gaisuwa da kyau. Daga ƙarshe ya zauna ya yi lissafi irin nasa, ya gano cewa albarkar tsohon ce take raguwa, don haka maganin shi ne a ƙara laka. Ya koma soka wuƙa sau bakwai, yana dumbuza wa kowane dashe taɓo har ba a ganin ledar. Dashen wannan shekarar kusan duka suka yi ƙulli.

A wannan hali Attahiru ya same shi. Attahiru taubashinsa ne, ɗan kawunsa, tsohon malamin gona da ya yi ritaya ya koma Wurno yana noman wake. Tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, kuma ba a taɓa jin sun ɓata ba. Shekara biyu ke nan Mainasara yana yi masa tsiya a kan sabon irin waken nan da tsutsa ba ta cin furensa da kwansonsa, wanda ba ya neman feshi da yawa. Yana ce masa waken da aka yi wa tsafi a kwalba.

Attahiru ya jingine babur, ya shiga tsakanin ledoji yana ɗaga dashe yana ajiyewa.

"Bawana, an ce min ka koma sana'ar kiwon ƙari."

"In dariya kaz zo yi, hanya na nan inda kab bar ta."

Attahiru bai kula shi ba. Ya karya ƙulli ɗaya ya duba cikinsa. Ya zaga bayan babban mangwaron, ya tsuguna ya daɗe. Da ya miƙe fuskarsa ta canza, ba wasa a cikinta.

"Nan kaka ɗibar laka?"

"Nan Baba ka zama."

"Ban tambaye ka inda Baba ka zama ba. Zamna in gaya maka abin da nika zato."

Suka zauna a kan tabarma. Attahiru ya ce akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta, sunanta a makaranta Agarobakteriya. Ba ta iya shiga itace mai lafiya, sai ta sami rauni, ko na fartanya, ko na ruwa, ko na wuƙa. Ya ce kowane abu mai rai yana da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, wanda yake gaya masa yadda zai girma, shi ya sa mangwaro ba ya haifar gwaiba. To ita wannan ƙwayar, idan ta sami rauni, sai ta yanki ɗan guntun nata rubutun ta tura shi cikin na itacen. Itacen kuma ya karanta ya ɗauka nasa ne, ya bi umarni.

"Wane umurni?" in ji Mainasara.

"Biyu na. Kumbura nan, sannan dahwa min abinci. Ƙullin da kaka gani, ɗaki na iccen yag gina mata da kainai, kuma shi ka ciyar da ita."

Mainasara ya dubi ƙulalan. A ransa ya ji wani abu mai kama da girmamawa, irin wanda mai sana'a ke ji idan ya ga aikin wani gwani, ko da ɓarawo ne. Shi reshe yake cusa wa itace, ita kuwa har cikin halitta take shiga.

"Kuma bari in ƙara ɓata maka rai," in ji Attahiru, wasan ya dawo masa. "Waken ga nawa da kaka zagi, da ita anka yi shi. Masu bincike sunka kama ta, sunka cire umurnin kumburi, sunka sa wanda suka so, na kashe tsutsa. Ita ba ta san an canza mata kaya ba, ta kai saƙo cikin wake yadda tas saba. Ɗan aike ta, mai kai abin da anka ba ta."

"To ni ba ni cin waken da maƙiyiyata tay yi wa aike."

"Ƙosan da kac ci gidana ran suna, har kac ce a ƙaro, da mi kaka zato anka yi shi?"

Wannan bai dame Mainasara ba sosai, ƙosan ya riga ya wuce. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne a ce cuta tana cikin ƙasar da ubansa ya zauna shekara hamsin. Ya miƙe ya ce ƙarya ne. Ya ce boko bai bar kowa ba, yau har kabarin mutane zai shiga. Attahiru ya ce shi ma bai ce a yarda da bakinsa ba, zato ne. A gwada a gani. Tumatir ba ya ɓoye wannan cutar, cikin mako uku yake nunawa.

Tumatir kuwa a gidan akwai na mutum ɗaya, Husainatu matar Mainasara, wadda ta shuka shida a tsofaffin bokitai a bayan ɗaki. Mace ce mai ƙarancin magana, wadda zama da Mainasara ya koya wa cewa ba lallai ne kowane zance a sa masa baki ba. Ta ba da huɗu bisa sharaɗin duk abin da ya same su mijinta ne zai yi cefanen miya. Attahiru ya karɓi wuƙar auren itacen daga hannun Mainasara, abin da ba a taɓa yi ba, ya soka ta a ƙasar gindin mangwaron kusa da ƙulalan, ya ɗebo lakar wurin ya kawo gida, ya tsaga karan tumatir biyu ya shafa musu. Sannan ya shiga madafa ya sa wuƙar a wuta, ya bari ta huce, ya tsaga sauran biyun ya bar su haka. Husainatu tana tsaye tana kallonsa lokacin da ya sa wuƙar a murhu. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa.

Mako uku Mainasara yana cewa bai damu da bokitan ba, kuma kullum da safe sai ya sami dalilin bi ta bayan ɗaki. A kwana na goma sha tara ya tsuguna ya gani. Biyun da aka shafa wa laka sun fitar da ƙulli fari-fari a daidai tsagar. Biyun wuta sun warke sumul.

Husainatu ta same shi a wurin, hula a hannu. Ta ajiye masa kokon fura, ba ta tafi ba.

"To ashe Baba shi ma cuta yac ce in gada," in ji shi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Malam, in hwaɗi magana?"

"Hwaɗi."

"Ni dai shekara ashirin ina kai ma Baba abinci garka, ban taɓa ganin ya taɓa laka ba."

Ya ɗago zai yi musu. Ya nemi hoton tsohon a ransa, da yatsa a lanƙwashe, wanda ya sha ba mutane labari, sai ya ga hannun da ke cikin hoton nasa ne.

Ta ci gaba. Ta ce shekarar da aka kawo ta gidan, ta lura gyaɗar da ke cikin kaskon Baba ba ta wuce ƙwaya biyu ko uku, tun safe har azahar, har su ƙone su zama gawayi bai ci ba. Tausayi ya kama ta, ta ɗauka ba shi da ita ne. Kunyar suruki ta hana ta tambaya, sai ta soya gyaɗa cike da kwano ta kai masa ta ajiye ta juya. Tsohon ya yi dariya, abin da ba a cika gani ba, ya kira ta.

"Yac ce min, 'Ɗiyata, na gode. Amma ba gujjiya nika gasawa ba, yuƙag ga nika gasawa. Gujjiyar don kada a dame ni da tambaya ta.'"

Ashe wuƙar tsohon yake sa wa wuta. Mainasara ya dubi matarsa.

"Shekara takwas kina da wagga magana, ba ki hwaɗa min ba?"

"Na ɗauka ka sani, kai da kaz zamna kusa da shi tun kana yaro. Ran da kak kihe kaskon na so in yi magana, nig ga halin da kake ciki. Daga baya kuma, wa ka gaya maka magana kan auren icce?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ba cutar ba, ba ma maganar kasuwa ba. Shekara takwas yana girmama ubansa da abin da uban bai taɓa yi ba, abu ɗaya kuma da tsohon ya yi a gaban idonsa sau dubu, shi ne ya kife a bayan rumbu.

Kaskon yana nan inda ya bar shi, gara ta yi gini a kansa, gefensa ya ɗan fashe. Ya kankare shi da kansa. Attahiru ya ce babban mangwaron a bar shi, tsohon itace yana iya rayuwa da ƙulalansa shekara da shekaru, amma a ƙone dashen da suka kamu, a matsar da ledoji can tudu, a kawo sabuwar ƙasa. Mainasara ya yi duk wannan ba gardama, sai dai ya roƙi Attahiru kada ya ba da labari a Wurno. Attahiru ya yi alkawari, kuma ya riƙe shi har kwana biyu.

Wata biyar bayan haka ya kai dashe sittin kasuwar Goronyo. Mutane suna wucewa suna satar kallo, ba mai tsayawa. Can Ɗahiru na Maikujera ya zo, ya yi sallama, ya tsuguna. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya shafa mahaɗar da babban yatsa. Ya ɗauki na biyu, na uku, har goma. Ko ƙurji babu. 'Yan albasa suka fara matsowa.

"Sun yi kyau," in ji Ɗahiru. "Amma ban ga lakar Baba ba. Ko ta ƙare?"

Ƙofa ce a buɗe. Yana iya cewa ta ƙare, ko ya ce ruwa ya wanke, ba wanda zai bincika. Mainasara ya dubi tafin hannunsa, wanda ya saba nuna wa mutane, ya mayar da shi kan gwiwa.

"Ɗahiru, babu lakar Baba. Ba a taɓa yin ta ba. Ni niƙ ƙaga ta bayan ya rasu, don kewa, kuma ita ta kashe maka icce arba'in. Malam Shittu wuta shika sa ma yuƙa. Ina zamne kusa da shi shekara talatin ban gane ba, sai da matata tag gaya min."

Wani ya yi 'yar dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye. Ɗahiru ya ci gaba da juya dashen da ke hannunsa, sannan ya fara ware su gefe ɗaya-ɗaya har ya kai arba'in.

"Waɗanga na ɗauka," ya ce. "In sun yi, baɗi ina son ɗari."

Washegari da hantsi, zafi ya fara dukan ƙeya, Husainatu ta kai masa abinci garka. Ta tarar da shi a sabon wurin, ledoji a gaba, kasko a dama, zufa tana bin gemunsa. Ya gama dashe, ya sa wuƙar a garwashi, ya ɗaga ta ta sha iska. Ta leƙa cikin kaskon. Gyaɗa uku ce, biyu sun riga sun ƙone.